Kashi na Ƙarshe da Idon Iya Tasalla

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai an ambaci sunansa ba. Ba can zamanin tafiya a kan jaki ba ne, a'a, wannan zamanin namu ne na waya a tafin hannu, sai dai abin ya ɗan kwana biyu. Sunansa Jazuli. Ku saurara da kyau, jama'a, domin labarinsa babu takobi a ciki, babu 'yan fashi. Abin da aka jarrabe shi da shi ƙarami ne, kuma irin waɗannan ƙananan su suka fi kayar da mutanen kirki.

Jazuli ba malami ba ne, ba kuma attajiri ba. In kun haɗu a sahun salla ba za ka sake waiwayarsa ba. Aikinsa gadi ne, amma ba gadin sanda da tocila ba. Wata mata ce mai shirya fina-finai, ana ce mata Hajiya Zulai, take da manhajar da mutane ke shiga ta waya suna kallon fina-finanta. Su fina-finan suna ajiye a cikin wata babbar na'ura da ake kira saba, a wani ɗaki mai sanyi wanda ba kowa ke shiga ba. Ku ɗauke ta kamar rumbu. To, mabuɗin rumbun nan yana hannun Jazuli.

Ga yadda yake aikinsa. In an gama shirya fim aka kawo masa, sai ya yayyanka shi gutsi-gutsi, ya kulle kowane gutsure. Wayar wanda ya yi rajista ce kaɗai ke iya buɗewa, ita ma a lokacin da yake kallo, yana gamawa ta rufe, ba a bar masa komai da zai tura wa wani ba. Bayan haka akwai wani tambari da ido ba ya gani, wanda Jazuli ke liƙawa a jikin hoton, ɗauke da lambar mai kallo. In mutum ya yi wayo ya kwafa ya kai wa masu tura fim a kasuwa, tambarin nan zai tona shi. Amma asalin fim ɗin, cikakke, wanda ba a kulle ba kuma ba a yi masa tambari ba, mutum ɗaya ke iya kai hannu gare shi. Kuma ko sawun wanda ya shiga sabar aka so a duba, shi Jazulin ake sa wa ya duba. Kun ga ke nan mai gadi shi ne, mai gadin mai gadi ma shi ne.

A gida kuwa yana da kaka, Iya Tasalla, wadda ta haifi babansa. Ita ta raine shi tun yana rarrafe, lokacin da mahaifiyarsa ta rasu. Kun san wasan kaka da jika. Da ya yi sallama za ta ɗago kai.

"Ga angon nan nawa ya dawo hannu na dukan cinya. Ni dai ban yi sa'ar miji ba."

"Tsohuwa, ai tun bara na sake ki, kin ƙi kwashe kayanki."

"In tafi ina? Wa zai ci maka wannan tuwon naka in ba ni ba? Zauna, ja'iri, ka ba ni goro."

Haka suke kullum, kuma gidan da daɗin zama.

To, Hajiya Zulai tana da wani fim mai dogon zango, Marinar Gabas, wanda ake sakin kashi ɗaya kowace Juma'a. Labarin wata mata ce, Kuluwa, wadda mijinta marini ya tafi fatauci bai dawo ba, ta riƙe marinar ita kaɗai, dangi na cewa ta haƙura ta yi aure tana ƙi. Iya Tasalla ta ɗauki Kuluwa kamar 'yar cikinta. Duk Juma'a bayan la'asar sai Jazuli ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jingina waya a jikin turmi, su kalla tare. Shi ya riga ya gani a wurin aiki, domin dole ya duba kafin ya kulle, amma bai taɓa nuna ya san abin da zai faru ba. Iya na faɗa da mutanen cikin waya, shi yana ɓare mata gyaɗa.

Ana nan, ana nan, sai idon Iya ya fara ba ta matsala. Dama na hagu ya daɗe da tafiya. Na dama da take lallaɓawa da shi, shi ma yanar ido ta fara rufe shi. Da aka kai ta asibiti, likita ya ce sai an yi aiki, ya sa ranar Litinin. Ya ce aikin ba mai wuya ba ne. Amma Iya tana da ƙawa wadda aka yi wa irinsa ta fito ba ta ganin ko tafin hannunta, saboda haka maganar likita ba ta shige ta ba.

Kashi na ƙarshe na Marinar Gabas kuwa sai Juma'ar da ke bayan wannan Litinin za a sake shi. Kuma yana nan zaune a cikin saba, an gama shi tsaf, Jazuli ya gani da idonsa.

Ku saurara, nan ne jarrabawar ta zo, kuma ba ta zo da fuskar ɓarawo ba.

Wata safiya yana ɗaura agogo zai fita, Iya ta kira shi. Ba ta ce ango ba, ba ta ce ja'iri ba.

"Jazuli, zo nan. An ce ƙarshen fim ɗin nan yana wurinka."

"Yana wurin aiki, Iya."

"To ka kawo mini in gani kafin a shiga da ni. In idon nan ya tafi, ya tafi da ganin ko mijin Kuluwa ya dawo. Ban roƙe ka zane ba, ban roƙe ka kujerar Makka ba."

Jazuli ya durƙusa. Ya ce, "Iya, ba nawa ba ne. Ajiya aka ba ni."

Gwaggo Ladi, ƙanwar babansa, wadda ta zo jinya, tana bakin murhu tana jin su. Ta ajiye muciya ta taso.

"Ajiyar me? Kuɗi ne da za a ce ka ɗiba ya ragu? In ta kalla zai ƙare ne? Ka sa mata a wayarta mana."

"Gwaggo, wayar Iya ai ta unguwa ce. Kafin azahar ta zaga gida nawa? Gobe sai a gan shi a kasuwa."

"To, na ji. Ka sa a taka. Ka nuna mata a ɗaki ku biyu, ka goge. Wa zai sani?"

Gaskiya ta faɗa. Babu wanda zai sani.

"Matar nan ta goya ka a bayanta har ƙafarka na taɓa ƙasa," in ji Gwaggo. "Yau ta nemi abu ɗaya a wurinka kana kawo mata zancen ajiya. Allah ya shirye ka."

Ya tashi ya fita. Ya isa wurin aiki ya zauna gaban kwamfuta, ga kashi na ƙarshe a gabansa, ga wayarsa a gefe, ga igiyar da zai haɗa su. Abin ba zai ɗauke shi tsawon shan kofin shayi ba. Zuciya ta fara yi masa lissafi, kuma kun san zuciya ta iya wa'azi in tana son abu. Ta ce ai sada zumunci ne. Ta ce ai jinƙan tsofaffi ne. Ta ce Hajiya da kanta in ta ji ba za ta hana ba.

Sai ya tsaya a kan wannan ta ƙarshen. Ya ce a ransa, in har ba za ta hana ba, me ya sa nake son in yi a ɓoye? An ba ni mabuɗin nan don in tsare ƙofa ne, ba don in zaɓi wanda zan buɗe wa ba. Yau kakata ce. Gobe wani zai zo da tasa kakar, ko da abokinsa, kuma kowa da hujjarsa mai kyau.

Ya naɗe igiyar ya jefa a aljihun tebur, ya tashi ya ƙwanƙwasa ofishin Hajiya Zulai.

Jazuli mutum ne mai kunya, bai taɓa roƙonta komai ba. Ya tsaya yana murza hula a hannu, ya ba ta labari tun daga idon hagu har zuwa ranar Litinin. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta cire tabarau.

"Malam Jazuli, ka san yadda fim ɗina na baya ya fita? Wanda ke kan kujerarka kafin ka zo, budurwarsa kaɗai ya nuna wa. Ita kaɗai. Gari na wayewa yana hannun masu turi. Mutanen da suka yi watanni a rana suna ɗaukar fim ɗin nan, da masu ɗinka kaya, da mai dafa musu abinci, haka na tara su ina ba su haƙuri kamar ni na yi satar. Tun ranar na yi alkawari, kafin ranar saki ko uwar da ta haife ni ba ta gani. Ka yi haƙuri. Allah ya ba Iya lafiya."

Jama'a, a nan nake so ku buɗe kunne. Tambaya ba ta da wuya. Da yawanmu muna tambayar izini, amma da sharaɗi a zuci: in an ba ni, alhamdu lillahi, in an hana ni, dama na san hanyar baya. Shi bawan Allahn nan da aka ce masa a'a, sai ya ce, "To, Hajiya, na gode. Allah ya sa mu ga ranar sakin lafiya." Ya koma kujerarsa, mabuɗi na hannunsa kamar yadda yake ɗazu, ya ci gaba da aikinsa.

Da yamma ya faɗa wa Iya gaskiya, bai rage ba bai ƙara ba. Ta ci gaba da jan carbi. Can ta ce, "To ba sai na gani ba. Kai ai ka gani. Faɗa mini da baki. Ya dawo ko bai dawo ba?"

Wannan ta fi ta farko zafi. Kalma ɗaya ce, kuma tana kan harshensa. Amma ya san ƙarshen nan shi ne abin da gari duka ke jira, shi ne jarin matar nan, kuma da ido aka sace shi ko da baki, duk fita ce.

"Iya, ki yafe mini. Labarin ma nata ne."

"Tashi ka ba ni wuri," in ji ta.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi tsit. Ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice, kamar baƙo. Ya kawo goro, ta ce a ajiye a can. Babu zagi, babu tsiya, kuma wallahi da zagin ta yi da ya fi masa sauƙi. Gwaggo Ladi kuwa in ya wuce sai ta ce wa bango, "Ga amintaccen masu fim nan." Sai ya kama gabansa. Shi ya je ya karɓo magungunan da likita ya rubuta, shi yake ɗiga mata na ido safe da yamma, tana kawar da kai yana lallaɓawa. In ya idar da salla yakan daɗe a zaune yana roƙon Allah ya bar mata idonta. Kuma kada ku ɗauka zuciyarsa ta daina yi masa magana. Kullum in ya zauna gaban kwamfuta sai ta tambaye shi: in ta fito ba ta gani fa, da wane ido za ka kalle ta? Ya dai san abin ba nasa ba ne.

Ranar Lahadi da hantsi, ana gobe aiki, sai aka ji tsayuwar mota a ƙofar gida, aka yi sallama. Jazuli ya leƙa, sai ga Hajiya Zulai da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ya rikice har ya rasa takalminsa ɗaya.

Ta shiga ta durƙusa har ƙasa ta gaida Iya, ta yi mata ya jiki. Sannan ta ce, "Iya, ni ce marowaciyar da ta hana."

Iya ta matso da fuska tana ƙare mata kallo da idon da ya rage. "Ke ce? Yarinya ƙarama da ke, da wannan taurin kai?"

Hajiya ta yi dariya. "Na ba mahaifiyata labarinku, ina ganin za ta yaba mini. Ta ce ita dai ba ta haifi mara imani ba, in ban zo gidan nan ba kada in sake taka nata." Ta juya wajen Jazuli. "Kuma ba zan ɓoye maka ba, Malam, kwanakin nan kullum sai na aika a zaga mini wurin masu turi. Na ce wanda na hana, kuma mabuɗi na hannunsa, ai sai abin da Allah ya yi. Shiru, fim bai fita ba. Duk waɗanda suka taɓa cuta ta babu wanda ya tambaye ni. Kai ka tambaya, na hana, ka hanu."

Jazuli ya sunkuyar da kai.

Amma fa Hajiya ba ta sassauta tsaronta ba. Ta ce ba za a kwafa a wayar kowa ba, a kwamfutarta za a kalla, a gabanta, kuma Iya kaɗai. Ta sa Gwaggo Ladi ta ɗauko faifai ta bi gidan tana karɓar wayoyi, har da tata da ta Jazuli, aka kife su da ƙwarya a tsakar gida.

"Ni ma ba zan shiga ba?" in ji Gwaggo.

"Gwaggo, naki idon ai lafiyarsa ƙalau. Juma'a na nan tafe."

Kafin a kunna, Hajiya ta riƙe hannun Iya. "Saura abu ɗaya. Abin da za ki gani, amana ce na ba ki. Ba ƙawa, ba maƙwabciya, ba Gwaggo, sai an saki."

"Ni da bakin nan nawa?" in ji Iya. "To, na ɗauka. Allah ya ba ni iko."

Aka saki labule. Jazuli ya zauna a dokin ƙofa daga waje, ya ba ɗakin baya. Yana jin muryar Iya tana cewa a matso mata da shi, a ƙara matsowa, har sai da hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ya ji ta yi salati. Ya ji ta ce, "Kai, amma wannan mutumin!" Can ya ji shiru mai tsawo, sai jan hanci. Shi ma ya share nasa idon da hannun riga, ya gode wa Allah.

Na san kuna so ku ji ko mijin Kuluwa ya dawo. Ni ma ba zan faɗa muku ba.

Washegari aka yi aiki, aka dawo da Iya gida da bandeji a ido. Matan unguwa suka cika ɗakin da zuwa dubiya, kuma labari ya riga ya zaga cewa mai fim da kanta ta zo gidan. Ana ya jiki, ana Allah ya ƙara sauƙi, sai wata ta matso.

"Iya Tasalla, tsakaninmu dai, ya dawo?"

Jazuli yana tsaye da kwanon kunu, ya zuba wa Iya ido. Matar da ba ta taɓa kwana da labari a cikinta ba! Ta buɗe baki, ta rufe. Ta sake buɗewa.

"Ku jira Juma'a kamar kowa," in ji ta. "Ajiya aka ba ni."

Da suka watse ta lalubo hannunsa ta riƙe gam. "Kai, ɗan nema, ashe haka abin nan yake da nauyi? Tun jiya kamar na haɗiyi garwashi. Kai kuma kullum da shi kake kwana, ka zo ka zauna kusa da ni kana ɓare gyaɗa kamar ba ka san komai ba?"

"Ai ke kika koya mini, tsohuwa."

"Ƙarya kake, ni ban iya ba. Miƙo kunun nan kafin ya huce."

Za ku tambaya, idon fa? Da aka cire bandeji ya buɗe. Ba tangaran ba, amma tana gane fuska, tana zura zare in an kawo mata kusa da taga, ta kuma rayu shekaru tana kallon abin da take so. Sai dai ina roƙonku kada ku rataya darasin a jikin wannan. Da idon bai buɗe ba, da Hajiya ba ta zo ba, Jazuli bai yi kuskure ba. Daidai ya yi tun ranar da ya naɗe igiyar nan, lokacin da bai san yadda abin zai ƙare ba.

To jama'a, ga abin da ke cikin labarin nan a fili. Amana ba ta zama taka don kawai mabuɗinta na hannunka. Kuma ba kasafai maƙiyi ke zuwa ya ce ka ci amana ba. Wanda kake ƙauna ne zai zo, da buƙata ta gaskiya, da hawaye na gaskiya. In hakan ta same ka, ƙofar mai abu a buɗe take, je ka tambaya. In ya ba ka, ka samu ta halal. In ya hana, ka hanu, ka bar wa Allah sauran.

Yanzu kowa ya duba aljihunsa. Fim nawa ne a wayarka waɗanda ka san ba ta ƙofa suka shigo ba? Littafi nawa aka turo miki a waya kika tura wa wasu, alhali wadda ta rubuta tana can tana jiran masu saye? Mukan ce ai ba a rage komai ba, ai kowa ma yana yi. Amma bayan kowane ɗaya akwai mutanen da suka sha rana, kuma guminsu ne muke rabawa kyauta kamar namu. Wanda aka ba ajiyar sirri, da wanda aka ba mabuɗin shago, da wadda ƙawarta ta ba ta waya ta riƙe mata, duk kujerar Jazuli kuke kai, kuma babu mai duba sawunku sai Wanda ba ya barci.

Allah ya ba mu ikon riƙe abin da aka damƙa mana, ko da wanda muke so ne ya roƙa. Ya yafe mana abin da muka ci na mutane da sani da rashin sani. Amin.